Otal-otal ɗin Yamai: an gina wa baƙon taro masauki, baƙon ya tafi

Ranar 7 ga watan Yulin 2019 Yamai ta cika ta batse. Shugabannin Afirka sun hallara domin ƙaddamar da yarjejeniyar kasuwanci marar shinge ta nahiyar, kuma a wannan zama ne Muhammadu Buhari na Najeriya da Patrice Talon na Benin suka sa hannu bayan dogon jan ƙafa. Wanda ya bar garin shekara biyu kafin nan, ya dawo a wannan mako, sai ya tsaya ya murza ido. Filin jirgin sama na Diori Hamani ya zama sabo fil, kamfanin Summa na Turkiyya ya sake gina shi bisa sharaɗin ya riƙe shi shekara 30 yana cire kuɗinsa. Kamfanin dai shi ya gina otal ɗin Radisson Blu mai ɗakuna 189, wanda aka buɗe a watan Yuni, saura kwanaki a fara taro. Ga otal ɗin Noom na rukunin Teyliom, ga na Bravia, ga sababbin gidajen saukar shugabanni. Ƙasar Indiya kuma ta ba da kuɗin gina babbar cibiyar taro ta Mahatma Gandhi, wadda aka yi bikin buɗe ta a watan Janairun 2020.

Gwamnatin Mahamadou Issoufou ba ta ɓoye nufinta ba. So take Yamai ta zama garin taro, ta karɓe wani kaso na abin da Dakar da Abidjan da Kigali ke samu. Har hukuma guda aka kafa don wannan aiki, ANEC, wadda sunanta ke nufin hukumar tattalin arzikin tarurruka. Lissafin mai sauƙi ne: duk baƙon da ya sauka daga jirgi zai kama ɗaki, ya ci abinci, ya hau mota, ya sayi tsaraba, kuma kuɗin da zai kashe daga waje suka shigo.

Lissafin ya fara tafiya daidai. Annobar korona ta rufe filin jirgi a watan Maris na 2020, aka sha wuya wata huɗu da 'yan kai, amma da aka buɗe a watan Agusta sai harka ta dawo da sauri. A watan Satumba shugabannin ECOWAS, wadda mutanen Nijar suka fi sani da CEDEAO, suka yi taronsu a Yamai. A watan Nuwamba ministocin harkokin wajen ƙasashen Musulmi na ƙungiyar OIC suka zo. A Nuwamban 2022 Tarayyar Afirka ta sake dawowa da taron ƙoli kan masana'antu. Da Faransa ta kwashe sojojinta daga Mali a Agustan 2022, Nijar ta zama inda Turawan Yamma suka jingina a yankin Sahel: sojan Faransa kusan 1,500, na Amurka wajen 1,000, ga Jamusawa da Italiyawa, ga tawagar Tarayyar Turai mai horar da jami'an tsaro. Shugaban gwamnatin Jamus Olaf Scholz ya zo a Mayun 2022. Antony Blinken ya zo a Maris na 2023, shi ne sakataren harkokin wajen Amurka na farko da ya taka ƙasar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan manya yana tafe da ayari, ayarin kuma ɗaki yake nema.

Wane ne baƙon?

Nan ne gizo ke saƙar. In ka zauna a harabar ɗaya daga cikin manyan otal-otal ɗin nan da safe a waɗancan shekaru, za ka ga kusan kowa da kati rataye a wuya. Ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya, masanin da Bankin Duniya ya turo, jami'in ƙungiyar agaji, ɗan kwangilar da ke yi wa sojojin waje aiki, matuƙan jirgi da ma'aikatansu masu kwana ɗaya su juya. Abin da ya haɗa su duka shi ne babu wanda ke biyan kuɗin ɗaki daga aljihunsa. Ofis ne ke biya, ofis ɗin kuma yana Paris ko Brussels ko Washington ko Geneva.

'Yan ƙasa ma suna shiga, amma ta ƙofar taron ƙara wa juna sani. Wata ƙungiya za ta kama zaure na kwana uku, ta gayyato ma'aikatan gwamnati daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da Diffa. Ƙarfe goma a fito shan shayi da ɗan abin taɓawa, azahar a ci abinci, la'asar a sake shayi, a ƙarshe kowa ya sa hannu ya karɓi alawus. Mahalartan da suka zo daga jihohi ba a otal ɗin suke kwana ba, wajen 'yan uwa suke sauka don alawus ɗin ya yi saura. Amma otal ya riga ya ci kuɗin zaure da na abinci, kuma wannan ciniki na rana yana da tsoka sosai a asusunsa. Shi ma ɗin, in ka bi silsilarsa, kuɗin masu ba da tallafi ne.

To ina attajirin gida? Ɗan kasuwar Maraɗi ko na Ƙonni da ke juya miliyoyi yana da halin kama ɗakin da ya ga dama, amma galibi ba ya yi. Al'adar fatauci ta riga ta tanadar masa masauki tun kafin a san otal a ƙasar Hausa. Falke yana da fatomansa a kowane zango: shi zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya ci la'adarsa. Yau sunan ya ɗan ɓace amma aikin yana nan, a gidan abokin ciniki ko na ɗan garinsu da ya zauna Yamai. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa tashar motar Rimbo ko STM ta ishe shi, ya shimfiɗa tabarma ya kwana, asuba ta yi ya hau mota. Ɗaki a manyan otal-otal yakan kai jaka 100 ta sefa, wato sefa 100,000, ko ya haura a kwana guda, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi, bayan ƙarin da aka yi a farkon 2024, yake jaka 42 a wata. Yaron da ke gyara gadon sai ya haɗa albashin fiye da wata biyu kafin ya kwana a kansa dare ɗaya.

Baƙon yawon buɗe ido kuwa tuni ya yi ƙaura. Tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 sun kashe kasuwar Agadas da duwatsun Ayar, duk da UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Ɗan abin da ya rage kusa da babban birni, wato zuwa kallon raƙuman dawa a Kure, shi ma ya tsaya bayan harin 9 ga Agustan 2020 da aka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu. Daga nan Faransa ta shafa wa taswirar ƙasar duka jan launi, alamar kada 'yan ƙasarta su je, ban da Yamai. Abin mamaki, wannan bai cutar da otal-otal ɗin birnin ba a lokacin. Baƙon da aka hana fita gari dole ya zauna a otal, ya ci a otal, ya kira mutanen da yake son gani su same shi a otal.

Ke nan sana'ar gaba ɗayanta a kan ƙafa ɗaya take tsaye.

Mako biyu da suka kwashe baƙi

Ranar 26 ga Yulin 2023 dakarun tsaron fadar shugaban ƙasa suka tsare shugaba Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta zauna a Abuja ta rufe iyakoki, ta hana zirga-zirgar jirage, ta dakatar da hada-hadar kuɗi, ta kuma yi barazanar amfani da ƙarfi. A farkon Agusta jiragen sojan Faransa suka kwashe fiye da mutum 1,000, Faransawa da 'yan wasu ƙasashe. Ranar 6 ga Agusta sojoji suka rufe sararin samaniyar ƙasar, washegari Air France ta dakatar da zuwa Yamai. An buɗe sama a farkon Satumba, amma kafin watan ya ƙare aka haramta wa jiragen Faransa ratsawa. Tarayyar Turai da Faransa da Jamus sun tsayar da tallafi, Bankin Duniya ya dakatar da sakin kuɗi. A watan Oktoba gwamnati ta zabtare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100. Babu mai kama zaure, babu mai shayin ƙarfe goma.

Otal ba kamar shagon tireda ba ne da za ka ja ƙofa ka kulle ka jira kasuwa ta gyaru. Ɗakin da bai samu mai kwana ba yau ya tafi ke nan, ba a ajiye shi a sayar gobe. Kuma ko baƙo biyar ne a cikin gini mai ɗakuna sama da ɗari, dole fitilun haraba su kama, na'urar hawa bene ta yi aiki, famfo ya tura ruwa sama, ɗakin sanyi na ajiye nama da kifi ya ci gaba da ruri dare da rana. Sai ga shi Najeriya, wadda ke ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta ta layin da ya taso daga Kainji ya bi ta Birnin Kebbi, ta yanke wutar a farkon Agusta. Kamfanin wutar lantarki na ƙasa, NIGELEC, ya koma rabon wuta unguwa-unguwa da ɗan abin da injinan Gorou Banda da sauransu ke iya bayarwa. Otal-otal suka koma kan janareta, wanda a Nijar ake ce wa gurup, a lokacin da litar man dizal take sefa 668 tun ƙarin da aka yi a 2022. Babban janareta ba ya tambayar mutum nawa ne a ɗakuna, shan mansa yake yi. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki kafin ƙarshen shekarar, ta rage zafi da rana, amma da dare sai a koma gidan jiya.

Kicin ma ya ji a jikinsa. Albasar Galmi da naman sa da na rago da giwan ruwa daga kogi duk na gida ne, waɗannan ba su yanke ba. Amma jerin abincin babban otal da kayan waje aka tsara shi: man shanu na kanti, cuku, garin alkama na burodi da kek, shinkafa, taliya, kayan gwangwani, lemuka, har sabulun wanki da kayan gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Kafin takunkumin, mafi yawansu ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano suke shigowa, su hau mota tafiyar kilomita kusan 1,000 zuwa Yamai, su ƙetare gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya. Gadar ta rufu. Manyan motoci suka yi layi a ɓangaren Benin, ƙananan kaya suka koma ƙetarawa ta kwale-kwale, kowane hannu da kaya ya bi sai ya ɗora nasa. Hanyar da ta rage ita ce ta Lome, a ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori a shigo ta Tera, cikin ayari da rakiyar soja, a jira makonni kafin ayari ya tashi. Ga bankuna sun ƙayyade abin da mutum zai iya cirewa, mai otal yana da kuɗi a asusu amma ba shi da na ba mai kawo masa kaji da ƙwai a hannu.

Waɗanda ba sa cikin littafin albashi

Idan aka ce otal ya rage ma'aikata, hankali yakan tafi kan masu kai abinci tebur da masu gyaran ɗaki da kuku. Su ne aka fara cewa su je hutu ba albashi, musamman 'yan aikin rana da ake kira in taro ya samu. Amma mutanen da ke cin abinci a jikin otal sun fi waɗanda ke cikinsa yawa.

Je ka bakin Gaweye, tsohon otal ɗin gwamnati da ke kusa da gadar Kennedy, ka tsallaka zuwa gidan tarihi na Boubou Hama. A can akwai rumfunan maƙeran azurfa da dukawa da masaƙa. Buzu yana zaune da ɗan ƙaramin zugazugi, ya jera sarƙoƙi masu tambarin Agadas a kan baƙin ƙyalle, ya san yadda ake faɗin farashi da Faransanci da Turanci, ya san kuma cewa ranar ƙarshe ta taro, tsakanin la'asar da lokacin tafiya filin jirgi, ita ce ranar kasuwarsa. Ɗan Yamai ba ya sayen sarƙar nan kullum. Haka mai kilishi da ke naɗe shi a takarda mai kauri don ya shiga akwati, haka mai motar haya ƙirar Land Cruiser da ya ci bashi ya saye ta saboda wata ƙungiya ta ɗauke shi kwangilar shekara, haka mai fassara, mai buga allunan taro, mai kawo ruwan roba, mai gidan da ya gyara shi a unguwar Plateau ya sa masa waya mai ƙaya da janareta don Bature ya kama. Gidajen abinci na Plateau da ke dafa wa Turawa irin nasu su ma da fasinjan jirgin nan suke rayuwa. Duk waɗannan babu wanda ya ba su takardar sallama, cinikin ne kawai ya daina zuwa.

Mai tuwo da mai dambu da mai tsire na bakin Katako ko Wadata kuwa tsadar shinkafa da mai ta dame su, amma masu cin abincinsu suna nan, ba wanda ya zo da jirgi ya kwashe su. Ko a cikin otal-otal ɗin ma, inda ɗan gari ya saba zuwa bai mutu ba. Barandar Grand Hôtel da ke kallon kogi, inda ake zama da yamma a ci tsire ana kallon rana tana faɗuwa bayan gada, jemagu suna tashi daga bishiyoyi, wuri ne da 'yan Yamai suka ɗauka nasu tun da daɗewa.

An ɗage takunkumi, baƙon bai dawo ba

Ranar 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta janye takunkumin. A watan Maris Najeriya ta buɗe iyaka ta maido da wuta, Nijar ma ta buɗe nata ɓangaren. Da a ce takunkumi ne kaɗai ciwon, da an warke. Amma sojan Faransa na ƙarshe ya riga ya tashi tun 22 ga Disamban 2023, ofishin jakadancinta ya rufe a farkon Janairu. An soke yarjejeniyar tawagar Tarayyar Turai. A Maris na 2024 aka soke yarjejeniyar soja da Amurka, zuwa tsakiyar Satumba sun gama kwashe nasu daga Yamai da Agadas. A Nuwamba aka janye wa ƙungiyar agaji ta Faransa ACTED izinin aiki, a Fabrairun 2025 aka ce ƙungiyar agaji ta Red Cross, wato ICRC, ta tattara. Nijar ta fice daga ECOWAS, ficewar ta tabbata a ƙarshen Janairun 2025, ke nan tarurrukan ƙungiyar sun bar Yamai. Iyakar Benin kuwa Nijar ta ci gaba da rufe ta daga nata ɓangaren.

Wasu baƙin sun zo, gaskiya. Masu horar da soja daga Rasha sun sauka a Afrilun 2024. Ranar 6 ga Yuli shugabannin Mali da Burkina Faso suka zo taron ƙoli na farko na ƙawancen ƙasashen Sahel, AES, da suka kafa tare da Nijar. A watan dai Turkiyya ta turo babbar tawaga ƙarƙashin ministan harkokin wajenta Hakan Fidan. Sai dai ƙawancen ƙasa uku ba ya haifar da tarurruka kamar ƙungiyar ƙasa 15 da masu tallafa mata, kuma sojan haya ko mai horarwa a bariki yake kwana. Maƙwabcin da ya kamata ya cike gurbi, wato ɗan kasuwar Najeriya, shi ma nasa ya same shi: tun da aka saki naira a Yunin 2023 ta faɗi har jaka ɗaya ta sefa ta haura naira 2,000. Bakano da a da yake ganin Yamai da araha, yanzu kwana ɗaya a babban otal ya fi naira 200,000.

Sai otal-otal suka juyo ga ɗan gari, wanda a da ba shi ne abin nema ba. Zauren da aka gina don ministoci ya koma wurin liyafar biki, da azumi a shirya buɗa-baki, ƙarshen mako iyalai su biya kuɗin shiga wurin wanka. Wannan yana kawo kuɗi, amma 'yan biki zaure suke kamawa na awa huɗu, su ci su watse. Benayen da ke sama, inda jarin yake kwance, suna nan a kulle.

Batun Soluxe

A watan Maris na 2025 ma'aikatar yawon buɗe ido ta ƙwace lasisin otal ɗin Soluxe na 'yan China. Daga cikin laifukan da ta lissafa akwai nuna bambanci da hana 'yan wasu ƙasashe shiga, da faɗaɗa gini ba izini, da ba da bayanan da ba daidai ba kan yawan kwanan baƙi, wanda a kansa ake lissafa harajin yawon buɗe ido. A cikin watan ne kuma aka kori manyan jami'ai uku 'yan China na kamfanonin mai, CNPC da matatar SORAZ da WAPCO mai kula da bututun da ya tafi Benin. Ba sai an yi duba ba kafin a ga cewa rigimar mai ce ta fantsama har ta taɓa otal.

Ni dai a ganina, ko da zargin nan gaskiya ne daga farko har ƙarshe, Soluxe ya nuna cutar ne a fili fiye da sauran. Otal ne da ya jingina da baƙo iri ɗaya, ma'aikatan kamfanonin ƙasarsu, har ana tuhumarsa da rufe wa saura ƙofa. Sauran ba su hana kowa shiga ba, farashi ne ya yi musu gadin. Kuma mai jari da ke kallo daga nesa ya ɗauki darasi na biyu: a Yamai ta yau takarda ɗaya daga ma'aikata tana iya rufe ginin da aka kashe wa biliyoyi, in dangantaka da ƙasarka ta yi tsami.

Ba na cikin masu cewa kuskure ne da aka yi gine-ginen 2019. Babban birni yana buƙatar filin jirgi na kirki da wurin saukar baƙi, kuma yawancin kuɗin otal-otal ɗin na 'yan kasuwa ne, su suka ɗauki kasadar. Inda aka gaza shi ne tsakiya. Tsakanin ɗakin jaka 100 da tabarmar tasha akwai malamin makaranta da ya zo daga Damagaram bin takardunsa, da hajiyar da ta kawo mara lafiya babban asibiti, da mai sayen albasa daga Gana, da ɗalibin da ya zo jarrabawa. Ƙananan masaukai suna nan, amma ba su aka yi wa hukuma ba, ba su aka yi wa titi da fitila ba, ba kuma su banki ke rububin ba wa bashi ba.

Wannan ma ba shi ne karo na farko ba. Gaweye kansa ɗan zamanin kuɗin yuraniyom ne, an gina shi a farkon shekarun 1980 tare da Palais des Congrès da ke gefensa, lokacin da ake ganin farashin ma'adinin ba zai sauko ba. Ya sauko, otal ɗin ya yi shekaru yana tsufa a hannun gwamnati, sai in wani babban taro ya taso, kamar wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci na Disamban 2005, garin ya sake cika na 'yan kwanaki. Bambancin yanzu shi ne sababbin gine-ginen suna da masu su da ke jiran riba a Istanbul da wasu biranen, yarjejeniyar filin jirgin kuma da yawan fasinja aka ƙulla ta, tana da sauran fiye da shekara 20 a gaba.